Tara ko Diyya? Nazarin Dokokin Tilasta Inshorar Mota a Jihohin Amurka

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dokokin da jihohin Amurka suka kafa domin tilasta wa masu motoci yin inshora, da hukuncin da suke yi wa wanda aka kama yana tuƙi babu ita. An bi diddigin dokokin tun daga 1925, an kwatanta tanadin wasu jihohi, sannan aka auna shi da alƙaluman direbobin da ke yawo ba inshora. Abin da ya bayyana shi ne tsananin hukunci bai cika sa mutane bin doka ba. Abubuwa biyu sun fi shi tasiri: ko mai ƙaramin ƙarfi zai iya biyan kuɗin inshorar, da kuma ko hukuma na da hanyar gano mai saɓa doka tun kafin ya hau titi. Maƙalar ta kuma nuna cewa an daɗe ana auna nasarar dokar da yawan waɗanda aka hukunta, alhali mutumin da aka yi dokar dominsa, wato wanda mota ta buge, sau da yawa abin da yake samu bai taka kara ya karya ba. An rufe da duba abin da hakan ke nufi ga Nijeriya.

1.0 Gabatarwa

A Amurka babu wata dokar tarayya da ta wajabta wa mai ƙaramar mota yin inshora. Manyan motocin dakon kaya masu ƙetare jihohi dai gwamnatin tarayya ta gindaya musu mafi ƙarancin dala 750,000. Ƙananan motoci kuwa kowace jiha da nata tsarin. Direban da ya taso daga Boston ya nufi Miami zai ratsa jihohi fiye da goma, kuma duk iyakar da ya tsallaka, hukuncin da zai fuskanta idan aka same shi ba inshora ya canja. A wata jihar tara ce kawai, a wata ƙwace lasisi ne na shekara guda, a wata kuma alƙali na da ikon tura shi gidan yari.

Asalin wannan rarrabuwa daga kotu ne. A 1869, a shari'ar Paul da jihar Bajiniya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa inshora ba ta cikin kasuwancin da gwamnatin tarayya ke da hurumin tsarawa. A 1944 kotun ta sauya ra'ayi a shari'ar ƙungiyar kamfanonin inshora ta kudu maso gabas. Nan take kamfanoni da gwamnatocin jihohi suka tayar da ƙayar baya, har Majalisar Dokoki ta zartar da dokar McCarran-Ferguson a 1945, wadda ta mayar wa jihohi ragamar. A haka ake har yau.

Ga mai nazarin doka, wannan rarrabuwa gaba ta kai shi. Ƙasa ɗaya ce, kuɗi ɗaya, motoci iri ɗaya, amma dokoki hamsin. An gwada sassauci, an gwada tsanani, an gwada na tsakiya, kuma an yi shekara kusan ɗari ana tara sakamako. Tambayar da maƙalar ke son amsawa ita ce: me ke sa direba ya yi inshora, kuma wa ke amfana idan aka hukunta wanda bai yi ba?

2.0 Yadda Aka Iso Nan

Jihar Connecticut ce ta fara taɓa batun a 1925, da dokar da ake kira ta nuna ƙarfin biya. Ba ta tilasta wa kowa sayen inshora ba. Abin da ta ce shi ne idan direba ya yi haɗari, sai ya nuna yana da abin da zai biya diyya da shi, in ba haka ba a dakatar da shi. Raunin wannan tsari a fili yake. Sai an riga an karya wa wani ƙafa sannan hukuma za ta tambayi direban ko yana da hali, kuma wanda aka fara bugewa ba shi da wata kariya.

Massachusetts ta zaɓi wata hanya. Daga farkon 1927 ba a yi wa mota rajista a jihar sai da shaidar inshora. Ta zauna ita kaɗai a kan wannan tsari kusan shekara talatin, kafin New York ta bi sahu a 1956, sannan North Carolina a 1957. Abin da zai ba mutum mamaki shi ne kamfanonin inshora da kansu suna cikin manyan masu adawa da tilastawar. Tsoronsu biyu ne: idan gwamnati ta wajabta saye, to 'yan siyasa za su sa baki a farashi, kuma za a ɗora musu direbobin da ba su so su ɗauka. Maimakon haka, a tsakiyar shekarun 1950 suka fito da wata sabuwar haja, wato inshorar da mutum zai saya domin ta biya shi idan wanda ba shi da inshora ya buge shi. Za a sake haɗuwa da wannan haja a gaba, domin ita ce ta zama ma'aunin matsalar.

A 1965 malaman shari'a biyu, Robert Keeton da Jeffrey O'Connell, suka wallafa littafin da ya kawo shawarar a daina ɓata lokaci a kotu ana neman mai laifi a ƙananan haɗurra, kowa kamfaninsa ya biya masa kuɗin magani. Massachusetts ta fara aiki da tsarin a 1971, Mishigan a 1973, kuma yau jihohi 12 ne ke bin wani nau'i nasa. Sauran jihohi sun riƙa shiga sahun tilastawa ɗaya bayan ɗaya. Wisconsin sai a 2010 ta shiga. Bajiniya ta daɗe tana barin direba ya biya dala 500 a shekara ya yi tuƙinsa ba inshora, kuɗin da ba ya kare shi da komai, har sai da aka soke wannan dama a ranar 1 ga Yuli, 2024. Yanzu New Hampshire ce kaɗai ta rage a kan tsohon tsarin nuna ƙarfin biya.

3.0 Abin da Doka ke Buƙata

Yawancin jihohi suna bayyana mafi ƙarancin inshora da lambobi uku. A Tekzas, alal misali, 30/60/25 ne. Ma'anarsa kamfani zai biya har dala 30,000 ga mutum ɗaya da ya ji rauni, dala 60,000 ga dukkan waɗanda suka ji rauni a haɗari guda, da dala 25,000 na ɓarnar dukiya. A New York 25/50/10 ne, tare da dala 50,000 na maganin direba da fasinjojinsa. Maine da Alaska sun daɗe a kan 50/100/25. Fulorida kuwa lamarinta daban ne: dala 10,000 na maganin mai motar, dala 10,000 na ɓarnar dukiya, kuma ga galibin direbobi doka ba ta ma wajabta inshorar raunin da za su ji wa wani ba.

Ya kamata a tsaya a kan Kalifoniya, domin ita ce ta fi nuna inda gizo ke saƙar. A 1967 ta tsayar da 15/30/5, kuma ba ta taɓa waɗannan lambobi ba sai ranar 1 ga Janairu, 2025, lokacin da suka koma 30/60/15. Shekara 58 ke nan. Dala 15,000 ta 1967, idan aka lissafa hauhawar farashi, ta haura dala 130,000 a kuɗin yau. Wato ba tare da majalisa ta kaɗa ƙuri'a ko sau ɗaya ba, kariyar da doka ta yi wa wanda aka buge ta zaizaye har ta koma kusan kashi ɗaya cikin tara.

A ɗauki misalin haɗari a Kalifoniya a 2024. Direba mai mafi ƙarancin inshora ya ƙetare jar danja ya daki motar wani magidanci da matarsa da 'yarsu. Dukansu uku an kwantar da su a asibiti. Kamfanin direban zai biya dala 30,000 a raba musu, babu wanda zai samu fiye da 15,000. Motarsu, a ƙasar da matsakaicin farashin sabuwar mota ya haura dala 45,000, za a ba su 5,000 a kanta. Kwana kaɗan a sashen kulawa ta musamman ya isa ya cinye kason mutum ɗaya. Abin da ya rage, doka ta ce su kai direban ƙara. Amma wanda ya sayi mafi arhar inshora galibi ba shi da gida ko kadarar da kotu za ta kama. Wannan direba bai karya dokar inshora ba, ɗan sanda ba zai ci shi tarar ko sisi a kanta ba, kuma iyalin da ya buge sun tashi da bashin asibiti.

Me ya sa majalisu ke jan ƙafa wajen ɗaga lambobin? Domin duk ƙarin da aka yi yana ƙara kuɗin inshora, kuma duk ƙarin kuɗi yana tura wasu direbobi su daina biya gaba ɗaya. Ɗan majalisa yana tsakanin kare wanda aka buge da riƙe mai ƙaramin ƙarfi a cikin tsarin, kuma abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya bar lambobin yadda suke, ya ƙara tara.

4.0 Hukunci

Tarar farko a yawancin jihohi ba ta da yawa a takarda. A Kalifoniya dala 100 zuwa 200 ce, ko da yake kuɗaɗen kotu da ake ɗorawa a kai kan ninka ta sau da yawa. A Tekzas dala 175 zuwa 350, karo na biyu kuma 350 zuwa 1,000. A Mishigan dala 200 zuwa 500, ko ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko duka biyun. A New York tarar kan kai dala 1,500, da yiwuwar kwana 15 a tsare, da soke lasisi na aƙalla shekara guda, sannan dala 750 kafin a mayar da shi.

New York tana da wani tsari da ya cancanci a dube shi da kyau. Ba sai an kama mutum a kan titi ba. Da zarar inshorarsa ta yanke, kamfanin zai sanar da hukumar rajistar motoci ta kwamfuta, sai lissafi ya fara: dala 8 kowace rana a kwana 30 na farko, dala 10 a na biyu, dala 12 a na uku. Wanda ya kai kwana 90 zai biya dala 900. Wanda ya wuce haka babu zancen biya, sai ya miƙa lambar motarsa. Ko motar tana ajiye a ƙofar gida ba a tayar da ita ba, muddin lambar tana jikinta, doka na buƙatar inshora.

Nauyin hukuncin na gaskiya yana bayan tarar. Akwai kuɗin janwe da na ajiyar mota idan an tsare ta. Akwai kuɗin mayar da lasisi, wanda a Fulorida ke tashi daga dala 150 zuwa 500. Akwai kuma takardar SR-22, wadda jihohi da dama ke buƙata, galibi na tsawon shekara uku. Ita wannan shaida ce da kamfani ke aika wa hukuma cewa wane yana da inshora, kuma zai sanar idan ta yanke. Wanda ke ɗauke da ita kamfanoni suna ɗaukarsa a matsayin mai hatsari, su tsawwala masa farashi. Mutumin da ya kasa biyan kuɗin inshora na yau da kullum, hukuncinsa shi ne a ƙara masa kuɗin.

Tekzas ta gwada iyakar wannan hanya. A 2003 ta kafa wani shiri da ya ɗora wa wanda aka samu da laifin tuƙi ba inshora ƙarin dala 250 kowace shekara har shekara uku, ban da tarar kotu, da nufin a tallafa wa asibitocin kula da waɗanda suka yi haɗari. A yi lissafin ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na tarayya, dala 7.25 a awa, adadin da bai motsa ba tun 2009. Yana samun dala 290 a mako. Tara ta 350 da ƙarin 750 sun zama 1,100, kusan albashin mako huɗu. Idan ya kasa biya, a dakatar da lasisinsa. A garin da babu isassun motocin haya, kuma kafin annobar korona kusan kashi uku cikin huɗu na ma'aikatan Amurka kowa shi kaɗai yake tuƙa kansa zuwa wurin aiki, ba zai daina tuƙi ba. Idan aka sake kama shi, ga sabon laifin tuƙi da dakataccen lasisi, ga sabon ƙari. Kamar a ƙwace wa manomi fartanya ne, a ce ya biya bashi da kaka. Lokacin da shirin ya zo ƙarshe a watan Satumba na 2019, fiye da mutum miliyan ɗaya ne lasisinsu ke dakace saboda shi, kuma 'yan manyan jam'iyyun ƙasar biyu ne suka haɗu suka binne shi.

Kotun Ƙoli ta taɓa ja wa jihohi birki a kan wannan batu. A 1968 wata yarinya 'yar shekara biyar ta afka wa gefen motar wani limamin coci a Jojiya da kekenta. Limamin ba shi da inshora, kuma da motar yake zagaya ƙauyukan da yake wa'azi. Iyayen yarinyar suka nemi dala 5,000, hukuma ta ce ko ya ajiye kuɗin ko a dakatar da lasisinsa, ba tare da an saurari ko laifinsa ne ba. A shari'ar Bell da Burson ta 1971 kotu ta ce lasisi, da zarar an ba mutum, kan zama abin da abincinsa ya dogara a kai, don haka ba a ƙwace shi sai an ba shi damar kare kansa.

Akwai wani nau'in hukunci da ba ya bi ta hannun ɗan sanda. A 1996 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince a ƙuri'ar raba gardama cewa direban da ba shi da inshora, ko da shi aka zalunta a haɗari, ba zai karɓi diyyar raɗaɗi da wahala ba, sai kuɗin magani da asarar da za a iya ƙirgawa. Louisiana ta daɗe tana hana irin wannan direba dala 15,000 na farko na diyyar rauni da 25,000 na dukiya, kuma ta ƙara tsaurara dokar a 2025. Hujjar masu wannan ra'ayi tana da ƙarfi: wanda bai zuba ba, bai kamata ya ɗiba ba. Amma a lura da wanda ke cin ribar. Kuɗin da aka hana shi yana zama ne a aljihun kamfanin direban da ya yi gangancin.

5.0 Abin da Alƙaluma ke Nunawa

Alƙaluman da aka fi dogara da su na Cibiyar Binciken Inshora ne, wadda kamfanonin inshora ke ɗaukar nauyinta. Ba ƙirga motoci take yi a titi ba. Tana kwatanta yawan masu neman diyya saboda wanda ba shi da inshora ya buge su da yawan masu neman diyyar rauni gaba ɗaya. Hanyar tana da rauni, domin bambancin dokokin jihohi kan shafi yadda ake shigar da buƙatun, amma ita ce ma'aunin da ya daɗe ana bi da shi shekara da shekaru.

A 2019 cibiyar ta ƙiyasta cewa kashi 12.6 cikin ɗari na direbobin Amurka ba su da inshora, wato kusan ɗaya cikin takwas. A 2022 adadin ya kai kashi 14, a 2023 kuma 15.4, daidai lokacin da kuɗin inshora ya yi tashin gwauron zabi. Bambancin jihohi a 2019 ya fi ɗaukar hankali. Misisipi 29.4, Mishigan 25.5, Fulorida 20.4. A ɗaya ɓangaren New Jersey 3.1, Massachusetts 3.5, New York 4.1.

Da a ce tsoron hukunci ne ke aiki, da Mishigan, mai barazanar ɗaurin shekara guda, tana cikin jihohin da suka fi bin doka. Sai ga ta ta biyu daga ƙarshe. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Har zuwa gyaran da ya fara aiki a watan Yuli na 2020, doka ta wajabta wa kowane direba a jihar sayen inshorar magani marar iyaka har ƙarshen rayuwa. Kariya ce da babu irinta a ƙasar, amma ta sa inshorar jihar ta zama cikin mafiya tsada, musamman a Detroit, birnin da talauci ya yi wa katutu. Misisipi kuwa tana cikin jihohin da suka fi kowa ƙarancin samu. Sannan ga New Hampshire, wadda ba ta tilasta wa kowa, amma a 2019 kashi 6.1 kacal ne ba su da inshora, ƙasa da rabin matsakaicin ƙasa. Mutanenta suna da gidaje da albashin da za a iya kamawa a kotu, don haka suna saye ba tare da an ce musu ba.

Mai jayayya zai iya cewa ai Massachusetts da New York ma hukuncinsu na da tsauri, ga shi kuma adadinsu ƙasa yake. Gaskiya ne. Sai dai abin da ya raba su da wasu shi ne ƙofar shiga. A Massachusetts ba a yin rajista sai da tambarin kamfanin inshora, a New York kuma kwamfuta ce ke tona asiri tun ranar da inshora ta yanke. Direba ya san za a gano shi. A inda sai ɗan sanda ya tsayar da mutum kafin a sani, wasu kan sayi inshora ta wata ɗaya, su yi rajista, su daina biya, su ci gaba da nuna katin. Shi ya sa Tekzas ta kafa rumbun bayanai na TexasSure, Oklahoma kuma tun 2018 take amfani da kyamarori masu karanta lambar mota. Ita kuma New Jersey, ƙarancin adadinta a 2019 na da nasaba da inshora mai rahusa da ta ƙyale a sayar, har da ta dala ɗaya a rana ga masu cin gajiyar shirin lafiya na marasa galihu, wadda ke biyan kuɗin jinyar gaggawa na mai ita amma ba ta biyan wanda ya buge komai. A takarda mai irin wannan yana da inshora.

Masana tattalin arziki Eric Smith da Randall Wright, a nazarinsu na 1992 kan tsadar inshora a Filadelfiya, sun bayyana yadda abin ke zagayawa. Idan marasa inshora suka yi yawa a gari, masu ita ne ke ɗaukar asarar, sai farashi ya hau, sai wasu su ƙara ficewa. Gari biyu masu kama da juna za su iya tsayawa ɗaya a kan arha da bin doka, ɗaya a kan tsada da saɓa ta. Tara ba ta taɓa farashin, don haka da wuya ta fitar da gari daga wannan hali. Wani nazarin na Alma Cohen da Rajeev Dehejia a 2004 ya gano cewa dokokin tilastawa sun rage yawan marasa inshora, amma an samu ƙarin mace-mace a haɗurra tare da hakan, abin da suka danganta da raguwar taka-tsantsan ga wanda ya san kamfani zai biya. Ko an yarda da fassararsu ko ba a yarda ba, ya isa ya hana a riƙa sayar da tilasta inshora a matsayin maganin haɗari. Aikinta biyan diyya ne.

6.0 Wanda Aka Buge

Idan marar inshora ya buge mutum a Amurka, tarar da kotu ta ci direban tana shiga baitulmalin jiha ne. Wanda ke kwance a asibiti ba ya ganin ko kwabo daga ciki. Abin da ke cetonsa shi ne waccan haja ta shekarun 1950, idan ya saya, kuma jihohi kusan ashirin sun wajabta ta. Ma'ana mai bin doka yana biya sau biyu, na laifin da shi zai iya yi da na laifin da wani zai yi masa. Mai tafiya a ƙasa wanda ba shi da mota, kuma babu mai mota a gidansu, shi ne ya fi kowa zama a tsaka mai wuya, sai a jihohi ƙalilan irin New York, wadda ta kafa asusun biyan irin waɗannan mutane tun 1958.

Wasu ƙasashe sun fara ne daga wannan ɓangaren. Birtaniya tana da ofishin da kamfanoni ke zuba wa kuɗi tun 1946 domin biyan waɗanda marasa inshora suka raunata. Afirka ta Kudu ta ɗora kuɗin diyyar rauni a kan farashin man fetur, ta yadda duk wanda ya sha mai ya riga ya biya, ko da yake asusun nata na fama da tulin bashi. A cikin Amurka, abin da ya fi kusa da kama tushen matsalar shi ne shirin inshora mai rahusa na Kalifoniya ga masu ƙaramin samu waɗanda tarihin tuƙinsu ke da kyau, da kuma hana kamfanoni duba tarihin bashin mutum wajen yanka masa farashi, kamar yadda Kalifoniya da Hawaii da Massachusetts suka yi. A ganina nan ya kamata majalisu su fi kashe ƙarfinsu.

7.0 Abin da Ya Shafe Mu

Tsarin Nijeriya ya bambanta ta fuska ɗaya mai muhimmanci: inshora tana cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, kuma tun 1945 aka fara kafa dokar inshorar mutum na uku. Daga 1 ga Janairu, 2023, hukumar NAICOM ta ɗaga kuɗin ƙananan motoci na gida daga naira 5,000 zuwa 15,000, diyyar ɓarnar dukiya kuma daga naira miliyan ɗaya zuwa miliyan uku. Daga 1 ga Fabrairu, 2025, rundunar 'yan sanda ta sanar da fara tilasta dokar a faɗin ƙasa. A takarda tanadinmu ya fi na jihohin Amurka da dama, domin ba a ƙayyade iyakar diyyar rai da rauni ba.

Matsalarmu ta fi tasu muni ta wani gefen. Direbobi da yawa a nan suna ɗaukar inshora a matsayin ɗaya daga cikin takardun mota da ake miƙawa ta taga a shingen bincike, kuma takardun jabu sun yi yawa. Idan aka yi haɗari, dangi da shugabannin tasha ne ke zama a sasanta, a biya kuɗin magani ko a yafe, ba wanda ke tuna akwai kamfani. Ga kuma shakkun da Musulmi da yawa ke da shi game da halaccin inshorar zamani, duk da cewa tunanin jama'a su taru su ɗauke wa mutum nauyin diyyar kisan kuskure sananne ne a fiƙihu, kuma tun 2013 NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful.

Rumbun bayanan inshora na ƙasa, NIID, yana nan, kuma Ghana ta buɗe irinsa a 2020. Abin da ya rage shi ne a ɗaure shi da sabunta takardun mota a ofisoshin jihohi, yadda takarda ba za ta fita ba sai kwamfuta ta tabbatar da inshorar, maimakon a bar aikin ga shingen hanya, inda kowa ya san yadda ake ƙarewa. Kada kuma majalisun jihohinmu su bi sawun Tekzas wajen mayar da tara hanyar samun kuɗin shiga.

Ina kira ga NAICOM da ƙungiyar kamfanonin inshora da su riƙa wallafa wa jama'a, jiha-jiha, kowace shekara, adadin waɗanda suka nemi diyya a ƙarƙashin inshorar mutum na uku, nawa aka biya, kuma cikin kwana nawa. Malamanmu na shari'a da ɗalibansu na digiri na biyu su ma su shiga asibitocin ƙashi da tashoshin mota su tambayi waɗanda aka buge ko sun taɓa karɓar wani abu daga hannun kamfani.